DAREN KEFFI: GARIN DA YA DAINA BARCI DA WURI

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi, musamman waɗanda suka fito daga Keffi da kewayenta, ko kuwa suke da 'ya'ya masu karatu a can, wannan labari naku ne. Mutumin da ya bar Keffi shekara 30 da suka wuce ya san ta gari ce mai kwana da wuri. Da an idar da sallar lisha sai magidanta su ja ƙyaure, ba a barin kowa a waje sai masu tsire da masu shayi na bakin tasha, sai kuwa samari da 'yan mata a dandali. To, yau in ya sauka a garin da ƙarfe 10 na dare zai tarar da fitilu da babura da hayaƙin balangu da ihun masu kallon ƙwallo, har ya yi tsammani direba ya yi mantuwa ya sauke shi a Mararaba.

Hausawa suna da magana biyu a kan dare. Sukan ce dare mahutar bawa, sukan kuma ce dare rigar mugu. Duk wanda ya zaga Keffi bayan magariba zai ga maganganun nan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a titi guda. Ya kamata mu san yadda abin yake, domin kuɗin da kuke aikowa gida wani kashi nasa da dare ake kashe shi, yaran da kuka tura makaranta kuma a cikin wannan dare suke girma.

YADDA AKA YI GARIN YA CIKA

Keffi tsohon gari ne. Abdu Zanga, wani Bafillace da ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa shi wajen shekarar 1802, kuma garin ya zauna a ƙarƙashin Zazzau har zuwan Turawa. Daga kalmar kafi, watau shingen da ake yi wa gari don tsaro, sunan ya fito. A nan ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Maloni a watan Oktoba na 1902, ya tafi Kano wurin Sarki Alu, abin da Turawa suka riƙe ya zama ɗaya daga cikin dalilansu na auka wa Kano a 1903. Har yanzu dutsen da ake kira da sunan wannan Bature yana nan a garin. Daga baya Keffi ta yi suna da Kwalejin Gwamnati wadda aka kafa a 1949, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969. Amma 'yan kwaleji 'yan kwana ne, ƙararrawa ke kwantar da su, ita ke tashe su, saboda haka ba su taɓa canza daren garin ba.

Abubuwa uku ne suka canza shi. Na farko Abuja, wadda take kimanin kilomita 50 daga Keffi. Tun da Gwamnatin Tarayya ta tare can a watan Disamba na 1991, ƙananan ma'aikata da 'yan ƙwadago waɗanda hayar birnin ta fi ƙarfinsu suka riƙa gangarowa ta Nyanya da Mararaba da Masaka. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birnin a 2006, sun ƙara turo jama'a wannan hanya, har guguwar ta iso Keffi.

Na biyu shi ne ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Lafiya aka ba hedkwata, amma Keffi ta sami Babban Asibitin Tarayya, ta kuma sami abu na uku wanda ya fi duka nauyi, watau Jami'ar Jihar Nasarawa, wadda aka kafa a 2001 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2002. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 92,000 a Ƙaramar Hukumar Keffi, kuma kowa ya ga yadda gidaje suka cinye gonaki tun daga lokacin ya san adadin ya wuce haka nesa. Dubban samari da 'yan mata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, nesa da idon iyayensu, da ɗan kuɗi a aljihu da waya a hannu, ai ba za a ce su kwanta da kaji ba.

DAREN DA

Kada a ɗauka mutanen da ba su san shaƙatawa ba. Sun sani, sai dai nasu yana da lokaci, yana da shugaba. In wata ya yi fari 'yan mata su fita dandali su yi gaɗa, mai kalangu ya zo, samari su yi kari. Yara su taru gaban kaka a sha tatsuniya da kacici-kacici. Dattawa su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ana hira ana sauraron rediyo. Bayan an kawar da amfanin gona a yi dambe da kokawa. A goma ta biyu ta watan azumi yara su fito tashe gida gida. In ana biki mata su kafa kiɗan ƙwarya a cikin gida, in kuwa mai bikin yana da hali a ɗauko makaɗi daga nesa. Mutanen da suka yi zamani da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Barmani Coge wadda ta rasu a 2013, da Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015, sun san abin da ake nufi da a kwana ana kiɗa. Wani lokaci kuma motar majigi ta Gwamnati ta zo ta kafa farin ƙyalle a fili, gari duka ya fito.

Abin lura a nan shi ne, dandali yana da Sarkin Samari, unguwa tana da mai unguwa, kuma duk yaron da ke wurin an san gidansu. In ya yi ba daidai ba, kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ƙabilun da ke kewaye da garin, irin su Gwandara da Gade da Yeskwa da Afo da Gwari, su ma suna da nasu raye-raye da bukukuwan kaka, da manyansu masu tsawatawa. Wannan tsari shi ne ya yi rauni, tun da yanzu rabin masu yawo da dare baƙi ne, ba wanda ya san iyayensu.

GIDAN KALLON ƘWALLO

Dandalin samarin yau shi ne gidan kallo. Rumfa ce ta kwano ko ta katako, da benci jere, da talabijin biyu ko uku a gaba, da tasa a kan rufi, da janareta yana ruri a baya. A ƙofa akwai allo da aka rubuta wasannin ranar da alli. Kowace unguwa tana da nata, daga Sabon Gari zuwa Tudun Ƙofa, daga Unguwar Rimi zuwa Gangaren Tudu.

Lokacin Turai ne yake yanke wa waɗannan gidaje lokacin tashi. Manyan wasannin gasar zakarun Turai ana take su da ƙarfe 9 na dare agogonmu a lokacin sanyinsu, ƙarfe 8 kuwa in sun tura agogonsu gaba a lokacin zafi. Haka nan manyan wasannin ƙasar Sifen sukan kai dare. Saboda haka ranar da Basalona ko Real Madrid ko Arsenal ke wasa, sai wajen 11 na dare ake watsewa, sa'an nan a koma teburin mai shayi a buɗe sabon shafin gardama. Za ka ga yaron da bai taɓa zuwa Lafiya ba yana lissafa 'yan wasan Basalona ɗaya bayan ɗaya, har da kuɗin da aka saye su.

Sana'ar tana ciyar da mutane, amma ta shiga matsi. Kafin a janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin Gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000. Kuɗin DStv ma an yi ta ƙara shi a 2023 da 2024 da 2025. Mai gidan kallo in ya ƙara kuɗin shiga yara su gudu su koma kallo a waya, in bai ƙara ba kuwa janareta ya cinye ribar. Wasu sun koma ga hasken rana, watau sola da batir, wasu sun haɗa da cajin waya da wasan bidiyo da teburin sunuka don a rufa wa juna asiri. Duk wanda ke Kurmi yana tunanin buɗe wa ƙanensa irin wannan sana'a a gida, ya fara lissafin wuta kafin ya sayi talabijin.

Mata da yara kuwa nasu kallon yana cikin gida. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina suka gaje wurin tatsuniyar kaka, ga kuma finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa ana tura su waya zuwa waya.

MAI SHAYI DA MAI TSIRE

In ana maganar daren Keffi aka bar mai shayi, ba a faɗi komi ba. Keffi mahaɗa ce: hanya ɗaya ta nufi Abuja, ɗaya ta nufi Akwanga inda ake rabuwa zuwa Jos ko Lafiya da Makurɗi, ɗaya kuma ta nufi garin Nasarawa. Manyan motocin shanu da na hatsi da na doya suna ratsawa dare da rana, kuma direba da yaron mota dole su ci. Saboda haka teburin shayi da burodi da ƙwai da indomi, da tukubar mai tsire da balangu, da mai gasa kifi, da mai soya doya da ƙosai, su ne fitilun da ba su mutuwa a garin.

Ku da kuke wannan sana'a a Agege da Idi Araba da Obalande da Sabo ta Badun ba sai an yi muku bayani ba. Kun san teburin shayi majalisa ce. A nan ake jin farashin buhun masara, a nan ake jin wanda za a tsayar takara, a nan baƙo yake tambayar masauki, a nan kuma ɗan acaɓa da malamin makaranta da ɗan sanda suke zama a benci guda. Ba wani wurin shaƙatawa a garin da ya kai shi araha, ko ya kai shi haɗa kan Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo.

UNGUWANNIN ƊALIBAI

Daga cikin gari in ka nufi hanyar Akwanga wajen Jami'a, ka shiga Unguwar Lambu da makwabtanta, sai ka ga wata duniya dabam. A nan gidajen haya na ɗalibai suke, a nan kuma gidajen abinci da shagunan aski da na gyaran gashi suke kai dare a buɗe. Akwai otal-otal masu lambu inda ake sa kiɗa a ƙarshen mako, akwai gidajen giya da farfesu, akwai wuraren shan shisha, akwai kuma bukukuwan da ɗalibai ke shiryawa in sun gama jarrabawa.

Ya kamata mai karatu ya tuna Jihar Nasarawa ba ta cikin jihohi 12 na Arewa waɗanda suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta fara a 1999. Saboda haka sayar da giya ba laifi ba ne a dokar jihar, kuma burkutu tsohon abu ne a wasu ƙauyukan kewaye. Abin da ke riƙe da tsohon gari, unguwannin da ke kewaye da fadar Mai Martaba Sarkin Keffi, Dokta Shehu Cindo Yamusa na 3, wanda ya gaji mahaifinsa a 2015, shi ne kunya da al'ada da ganin girman manya. Can bayan gari kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Uban da ya tura 'yarsa ko ɗansa karatu yana zaton ai Arewa ce, ai gida ne, to ya sani gidan yana da ɗakuna da yawa.

DAREN IBADA DA WASANNIN YAMMA

Ba duk wanda ke waje da dare ne yake neman kiɗa ba. A watan azumi garin yakan juye gaba ɗaya: tafsiri, tarawihi, tahajjud a goman ƙarshe, teloli suna kwana a kan keke, masu kayan buɗa baki da na sahur suna ciniki har asuba. A watan Maulidi makarantun Islamiyya da zawiyoyi sukan raya dare da karatu da yabo. Coci-coci su ma suna da daren addu'a, musamman daren Juma'a da daren shiga sabuwar shekara. Ga mata da yawa, waɗannan su ne lokatan da suke fita da dare da yardar gida.

Mai son wasa na idon jama'a kuwa, akwai hawan Salla na Sarki, akwai filin folo na Keffi wanda Sanata Ahmed Aliyu Wadada ya kafa, inda ake gasa mahaya su zo daga garuruwa dabam dabam. Masu son dambe sukan hau mota zuwa Mararaba ko Dei-Dei, inda ake karawa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada kamar yadda kuka saba gani a Ikko.

INDA GIZO KE SAƘA

Yanzu sai mu zo ga rigar mugu. Abu na farko shi ne ƙwaya. Binciken da Gwamnatin Tarayya da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. A watan Mayu na shekarar nan ta 2018 Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Amma hani a takarda bai hana taramol da wiwi yawo a lungu ba, kuma gari mai ɗalibai da tasha da babbar hanya kasuwa ce ga dillalai. Sau da yawa yaro ba a gidan rawa yake fara sha ba, a ɗakin aboki yake farawa.

Na biyu caca. Shagunan cacar ƙwallo sun bi gidajen kallo kamar jela, yanzu ma cacar ta koma cikin waya. Kuɗin makaranta da kuɗin haya da jarin acaɓa suna tafiya a kan wasan da ake yi a wata ƙasa. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta Tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Watau yanzu ba wanda Gwamnatin Jiha za ta jingina wa wannan nauyi, nata ne.

Na uku lafiyar masu kallo. A watan Yuni na 2014 an tayar da bam a wani wurin kallon ƙwallo a Damaturu ana kallon gasar cin kofin duniya, mutane da dama suka rasu. A watan Afrilu na 2017 wayar lantarki mai ƙarfi ta faɗo a kan wani gidan kallo a Kalaba, aƙalla mutum 7 suka mutu. Wanda ya leƙa gidajen kallonmu zai ga mafi yawansu ƙofa ɗaya gare su, rufin kwano, wayoyi a tsirara, jarkar fetur kusa da janareta. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu hanya. Titin Abuja zuwa Keffi ba ya hutawa, kuma wanda ya sha ya hau mota ko babur da tsakar dare ba kansa kaɗai ya sa a haɗari ba. Ga ƙwacen waya a lungunan da ba fitila, ga kuma ƙungiyoyin asiri waɗanda suka daɗe suna damun garuruwa masu manyan makarantu a ƙasar nan, Kudu da Arewa.

DARASI DAGA BASALONA

Tun da yaranmu sun haddace sunan Basalona, bari mu duba garin kansa. Birni ne a bakin tekun Bahar Rum a ƙasar Sifen, mai mutum kimanin miliyan 1.6. Mutanensa ba su cin abincin dare sai wajen ƙarfe 9 ko 10, gidajen rawa kuwa sai bayan tsakar dare suke cika. Da za su karɓi wasannin Olamfik na 1992 sai suka share tsofaffin masana'antu na bakin teku suka mai da wurin filin shaƙatawa. Jirgin ƙasansu na ƙarƙashin ƙasa yana kwana yana aiki daren Asabar, don wanda ya fita ya koma gida lafiya ba tare da ya tuƙa mota ba. Dokar gari kuma ta hana shan giya a kan titi, akwai tara.

Duk da haka ba su tsira daga rigima ba. Mazauna tsofaffin unguwanni sun daɗe suna kukan hayaniya da tsadar haya, har a watan Yuli na 2024 suka fito zanga-zanga suna fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa da bindigar wasan yara. A Landan kuwa a 2016 an taɓa naɗa jami'a ta musamman don kula da harkokin dare. Ba muna cewa Keffi ta kwaikwayi rawarsu ko shansu ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin ɗauka shi ne, sun yarda dare wani yanki ne na rayuwar gari, sun ba shi fitila da mota da doka da mai kula, kamar yadda kakanninmu suka ba dandali Sarkin Samari.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Rufe gari da ƙarfe 8 ba zai yiwu ba, kuma in an yi, mai shayi da mai tsire da ɗan acaɓa za a fara kashewa, mai ƙwaya kuwa ya koma ɗaki ya ci gaba. Abin da zai yiwu shi ne Ƙaramar Hukuma ta yi wa kowane gidan kallo rajista, ta tilasta ƙofa biyu, ta hana kafa rumfa a ƙarƙashin babbar wayar lantarki. A sa fitilun sola a lungunan da ɗalibai ke bi. A yanke lokacin kashe kiɗa a unguwannin da mutane ke kwana, a nisanta gidan giya da shagon caca daga makaranta da masallaci da coci. Masu unguwanni da hukumar Jami'a da masu gidajen haya su riƙa zama tare, domin ɗalibin da ke kwana a unguwa ɗan unguwa ne ko daga ina ya fito. Masu hali kuma su farfaɗo da kokawa da gasar ƙwallo ta unguwanni da tashe mai tsabta, don yaro ya sami inda zai kai ƙarfinsa.

Ku kuma iyaye da yayye da ke Kurmi, aika kuɗi kaɗai bai isa ba. Ku san unguwar da yaronku yake, ku san mai gidan da yake haya, ku haɗa shi da wani dattijo ko ɗan'uwa a gari wanda zai riƙa leƙa shi. Kuɗin makaranta ku nemi rasit, kuɗin abinci ku aika kaɗan kaɗan maimakon a dunƙule. Ku riƙa buga waya da dare, ba da rana kaɗai ba, kunne zai gaya muku inda yake. In kun zo Salla kada ku tsaya a zaure ana ta gaisuwa, ku fita bayan lisha ku zaga, gani ya kori ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙungiyoyinku na 'yan gari da ke taro a Ikko da Badun, waɗanda suka saba tara kuɗi don gyaran masallaci da maƙabarta, in sun sa fitila goma a lungu goma na Keffi, sun yi aikin da za a daɗe ana sa musu albarka. Allah ya kare mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.